DARASIN LISSAFI: RABAWA DA MAHAƊAR FARKO

Ɗan Gulbi na cikin gundumar Dakoro, a jihar Maraɗi, kusa da kwarin Gulbin Kaba. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya. Suna noman hatsi, da dawa, da wake, da gujiya. Mata suna saƙa tabarmi da kaba. Idan kaka ta yi, kowa yana da abin ƙidaya: damma a bakin rumbu, tiyoyi a kasuwa, kuɗi a cikin asusu. Wanda bai iya lissafin kayansa ba, wani ne zai yi masa. Wanda zai yi masa kuwa, ba kullum ne mai tsoron Allah ba.

Wannan matsala ta daɗe. A shekarar 1962 gwamnati ta kafa hukumar UNCC don taimakon ƙungiyoyin manoma. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. A kasuwannin gujiya na ƙasar Maraɗi da ta Damagaram, manoma da yawa sun shiga karatu don su iya karanta sikeli, su rubuta nauyi, su san kuɗinsu kafin a miƙo musu. Bukatar tana nan har yau.

Darasin wannan karo ya shafi abu biyu: rabawa, da kuma mahaɗar farko. A tanadi allo da alli, ko kaye da fensir. A bi misalan ɗaya bayan ɗaya. Farashin da ke cikinsu na koyo ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsu.

KAFIN A TAƁA ALLI

Lissafin duniya ba ya zuwa da alamomi a rubuce. Da magana yake zuwa. Mutum zai ce: «Ga hatsina, ga iyalina, wata nawa zai kai mu?» Aikin mai lissafi shi ne ya tsamo lambobin daga cikin maganar. Don haka akwai matakai huɗu:

1. A karanta tambayar sau biyu, a hankali.
2. A rubuta abin da aka sani, kowace lamba da sunanta: tiya 40, gida 48, kwana 6.
3. A faɗi abin da ake nema da baki, kafin a fara aiki.
4. Bayan an sami amsa, a gwada ta.

Wanda ya tsallake mataki na uku, lissafin dokin Rano zai yi.

RABAWA IRI BIYU CE

Iri na farko shi ne raba kaya ga mutane. An san kayan, an san yawan mutanen, ana neman rabon kowa.

Misali: Bankin cimaka na wani ƙauye yana da buhun hatsi 18. Buhun kilo 100 yana cin tiya 40. Gidajen da suka rubuta suna 48 ne. Tiya nawa kowane gida zai saya, idan za a yi daidai?

Da farko a mai da buhuna tiyoyi: 18 x 40 = 720.
Yanzu a raba 720 ga gida 48. Ana rubuta shi haka: 720 : 48.
A ba kowane gida tiya 10. An fitar da 480. Saura 240.
A ƙara wa kowane gida tiya 5. An fitar da 240. Ba saura.
10 da 5 sun zama 15. Kowane gida yana da tiya 15.
Gwaji: 48 x 15 = 720. Lissafi ya fita.

Iri na biyu shi ne awo. An san kayan, an san girman ma'auni, ana neman sau nawa ma'aunin zai cika.

Misali: Wani manomi ya sussuke hatsinsa, ya sami tiya 290. Buhu nawa ke nan?

40 sau 7 shi ne 280. 40 sau 8 shi ne 320, ya wuce. Amsa ita ce buhu 7, saura tiya 10.
Gwaji: 280 + 10 = 290.

Ga ƙa'ida: saura ba ya kai mai rabawa. Idan ana awo da 40, aka ga saura 45, to, akwai buhu guda da ba a cika ba. A sake dubawa.

SAURA MA YANA DA MAGANA

Wasu suna samun saura su yar da shi. Kuskure ne. Tambayar ce take faɗin abin da za a yi da shi.

Idan an ce buhu nawa cikakku manomin zai kai kasuwa, amsa 7 ce.
Idan an ce buhu nawa zai saya don zuba hatsin duka, amsa 8 ce. Tiya 10 ɗin nan ba za a bar su a ƙasa ba.

Ga tambayar da ta fi waɗannan nauyi. Gidan wannan manomi yana cin tiya 2 kowace rana. Kwana nawa tiya 290 za ta kai su?

290 : 2 = 145.

Kwana 145 bai cika wata 5 ba. Idan an buɗe rumbu ranar 1 ga Nuwamba, hatsin zai ƙare wajen 25 ga Maris. Sabon hatsi kuwa sai wajen Satumba. Maigidan da ya yi wannan lissafi tun da kaka ba zai sayar da buhu 3 don biki ba. Zai san akwai giɓi a gabansa. Zai nemi abin cike shi tun hatsi yana araha: ko kiwon rago, ko cin rani, ko rubuta suna a bankin cimaka.

TAMMA DA DALA

A takarda ana rubuta kuɗi da tamma. A baki kuwa da dala ake ciniki. Dala 1 tamma 5 ce. Jika 1 tamma 1,000 ce, wato dala 200. Duk wanda zai karanta rasit, ko takardar asibiti, ko takardar haraji, dole ya iya raba lamba da 5.

Misali: An rubuta 750 a takardar magani. 750 : 5 = 150. Kuɗin dala 150 ne. Wanda ya ɗauka dala 750 ce zai biya ninki biyar.

Akwai gajeriyar hanya. A ninka lambar sau 2, a cire sifili ɗaya na ƙarshe.
7,250 x 2 = 14,500. A cire sifili: 1,450. Wato dala 1,450, ko kuwa jika 7 da dala 50.

Mata ma suna da babban rabo a wannan darasi. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, daga nan ya bazu cikin Nijar da ƙasashe da yawa. Ranar fasa asusu ranar rabawa ce.

Misali: Mata 25 suna zuba dala 20 kowane mako, wato tamma 100. Sun yi mako 40. Abin da suka zuba: 25 x 100 x 40 = 100,000. Ribar da asusu ya samu 15,000 ce. Jimla 115,000. Nawa kowace za ta samu?

A ba kowace 4,000. An fitar da 100,000. Saura 15,000.
A ƙara wa kowace 600. An fitar da 15,000. Ba saura.
Kowace mace tana da tamma 4,600, wato jika 4 da dala 120.

Idan mata uku ko huɗu a cikin ƙungiya sun iya wannan, kowace ta yi nata daban, sa'an nan a gwama. Zargi ba zai shiga tsakaninsu ba.

MENE NE NINKI?

Ninkin lamba shi ne abin da ake samu idan an maimaita ta: sau 1, sau 2, sau 3, har gaba.

Ninkin 4: 4, 8, 12, 16, 20, 24, 28 ...
Ninkin 6: 6, 12, 18, 24, 30 ...

A dubi layukan nan biyu. Akwai 12 a sama, akwai 12 a ƙasa. Akwai 24 a sama, akwai 24 a ƙasa. Waɗannan su ne mahaɗai, kamar inda hanyoyi biyu suke gamuwa. Wadda ta fi ƙanƙanta, wato 12, ita ce mahaɗar farko. Yaran lakkol suna kiranta PPCM da Faransanci.

Ana neman mahaɗar farko idan abubuwa biyu suna zagayowa, kowane da lokacinsa, ana so a san ranar da za su haɗu. Ana nemanta kuma idan ma'auni biyu sun bambanta, ana so a daidaita su.

Misali: Rijiyoyin ƙasar Dakoro suna da zurfi, ɗiban ruwa yana cin lokaci. Wani garken raƙuma yana zuwa rijiyar gari kowane kwana 4. Wani garken yana zuwa kowane kwana 6. Yau sun haɗu, rijiya ta cika, mata ba su sami ɗiba ba sai da rana ta take. Yaushe za su sake haɗuwa?

Na farko zai dawo a kwana na 4, na 8, na 12.
Na biyu zai dawo a kwana na 6, na 12.
Za su haɗu bayan kwana 12. Kwamitin rijiya yana iya sanar da mata tun jajibiri, su yi sammako.

Ga inda ake zamewa. Wani zai ce 4 x 6 = 24, ya ce bayan kwana 24 ne. Gaskiya ne za su haɗu a kwana na 24. Amma sun riga sun haɗu a na 12, shi kuwa yana barci. Ninka lambobin biyu yana ba da mahaɗa, amma ba kullum ita ce ta farko ba. Tana zama ta farko ne idan babu wata lamba, ban da 1, da take raba su duka biyu ba saura. 7 da 10 haka suke, mahaɗarsu ta farko 70 ce. 4 da 6 kuwa, 2 tana raba kowace.

HANYA MAI SAURI

Ba dole ne a rubuta layi biyu ba. A ɗauki babbar lambar, a bi ninkinta ɗaya ɗaya. Kowane ninki a raba shi da ƙaramar lambar. Na farkon da ya rabu ba saura, shi ne amsa. A nan ne rabawa da mahaɗa suka zama aiki ɗaya.

Misali: 8 da 6.
8 : 6, akwai saura 2.
16 : 6, akwai saura 4.
24 : 6 = 4, ba saura.
Mahaɗar farko ita ce 24.

Idan lambobin uku ne, a fara da biyu, sa'an nan a haɗa amsar da ta ukun. Kasuwa tana ci kowane kwana 7. Idan yau ranar kasuwa ce, kuma garkunan nan biyu sun haɗu, yaushe duka ukun za su sake faɗawa rana ɗaya? Mahaɗar 4 da 6 ita ce 12. Mahaɗar 12 da 7 ita ce 84. Sai bayan kwana 84, wato mako 12.

WA YA FI TAYI MAI KYAU?

Masu sayen amfanin gona ba sa faɗin farashi da ma'auni ɗaya. Wannan yana ruɗar da mai kaya.

Misali: Ɗan kasuwa na farko ya ce zai sayi tiya 4 ta wake a dala 340. Na biyu ya ce zai sayi tiya 6 a dala 498. A kunne, 498 ta fi daɗin ji. Wa ya fi?

A daidaita ma'aunin. Mahaɗar 4 da 6 ita ce 12.
Na farko: 12 : 4 = 3. Dala 340 sau 3, dala 1,020.
Na biyu: 12 : 6 = 2. Dala 498 sau 2, dala 996.

Na farko ya fi da dala 24 a kowace tiya 12. Wanda yake da tiya 120 ya kai wa na biyu, ya yi asarar dala 240, wato jika 1 da dala 40.

Ana iya gwadawa da rabawa: 340 : 4 = 85, kuma 498 : 6 = 83. Dala 2 ce tsakani a kowace tiya. 2 sau 12 shi ne 24. Hanyoyin biyu sun kai gida ɗaya.

LISSAFIN TAKIN ZAMANI

Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun gwada sa taki kaɗan kaɗan a cikin ramin shuka. Ga takin NPK, gram 6 ake sa wa kowane rami. Idan tazarar ramuka mita 1 ce ta kowane gefe, hekta guda tana da rami 10,000. Gram 6 sau 10,000 shi ne gram 60,000. Kilo 1 gram 1,000 ne. 60,000 : 1,000 = 60. Hekta tana cin kilo 60.

Buhun taki kuwa kilo 50 ne. Buhu 1 bai isa hekta ba. Buhu 2 sun yi yawa da kilo 40. Manoma masu hekta ɗaya ɗaya suna so su haɗa kuɗi su saya tare, kada a yi saura. Mutum nawa za su haɗu, buhu nawa za su saya?

A nemi mahaɗar 50 da 60. A bi ninkin 60: 60, 120, 180, 240, 300. Na farkon da 50 take rabawa ba saura shi ne 300.
300 : 50 = 6. Buhu 6.
300 : 60 = 5. Mutum 5.

Manoma 5 su sayi buhu 6. Kowa ya ɗauki buhu 1, na shida a raba shi biyar, kowa kilo 10.

RABON GADO

Malaman fiƙihu sun daɗe suna aiki da mahaɗar farko. Suna kiranta asalin mas'ala. Kason magada yana cikin Suratun Nisa'i, a aya ta 11, da ta 12, da ta 176. Kason shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa yana da babi a kansa. A Bagadaza, a ƙarni na 9, malam al-Khawarizmi ya cika babban sashe na littafinsa na aljabra da lissafin wasiyya da gado.

Misali: Wani mutum ya rasu. Ubansa ya riga shi rasuwa. Ya bar mata ɗaya, da uwa, da ƴaƴa maza 2, da ƴa mace 1. An biya bashinsa, an cika wasiyyarsa, saura damman hatsi 120.

Tun da yana da ƴaƴa, matarsa tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8. Uwarsa tana da sudusi, wato kashi 1 cikin 6. Abin da ya rage na ƴaƴa ne, namiji yana da rabon mace biyu.

Kashi 8 da kashi 6 ba ma'auni ɗaya ba ne. A nemi mahaɗarsu. An same ta a sama: 24. To, a kasa dukiyar kashi 24.
Mata: 24 : 8 = 3. Kashi 3.
Uwa: 24 : 6 = 4. Kashi 4.
Ƴaƴa: 24 a ɗebe 7, saura kashi 17.

Dami nawa ne a kashi guda? 120 : 24 = 5.
Mata: 3 x 5 = dami 15.
Uwa: 4 x 5 = dami 20.
Ƴaƴa: 17 x 5 = dami 85.

Yanzu a raba 85 ga ƴaƴa. Maza 2, kowane rabo 2, ya zama 4. Mace rabo 1. Jimla rabo 5.
85 : 5 = 17. Ƴa mace dami 17. Kowane namiji dami 34.
Gwaji: 15 + 20 + 34 + 34 + 17 = 120.

Rabon gado aikin malamai ne da alƙalai. Su suka san wanda yake gada da wanda wani yake tare wa. Amma gwauruwar da ta iya wannan lissafi za ta zauna a wurin rabo tana bin abin da ake yi. Idan an miƙo mata dami 10, za ta san da sauran 5, ta yi tambaya cikin ladabi.

AIKIN GIDA

Kowa ya yi nasa a kaye. Malamin aji ya sa mutum ɗaya ya yi a allo, sauran su gwada amsar.

1. Manomi ya sami tiya 365 ta hatsi. Buhu nawa cikakku? Saura nawa? Buhu nawa zai saya don zuba shi duka?
2. An rubuta 3,600 a rasit. Dala nawa ke nan?
3. Mata 16 sun haɗa tabarminsu sun sayar a tamma 52,000. Kowace ta saƙa daidai da ƴar uwarta. Nawa kowace za ta samu?
4. Kwamitin rijiya yana zama kowane kwana 10. Kwamitin bankin cimaka yana zama kowane kwana 15. Yau sun zauna rana ɗaya. Bayan kwana nawa za su sake haɗuwa?
5. Wani mai tebur yana sayar da sabulu 6 a dala 270. Wani yana sayar da irinsa 8 a dala 352. Wa ya fi araha?
6. Wata mace ta rasu, ubanta ba shi da rai. Ta bar miji, da uwa, da ɗa namiji 1, da tumaki 36. Miji yana da kashi 1 cikin 4, uwa kashi 1 cikin 6, saura na ɗa ne. Mece ce mahaɗar farko? Tumaki nawa kowa zai samu?

AMSOSHI

Kada a duba sai an gama.

1. Buhu 9, saura tiya 5. Zai sayi buhu 10.
2. Dala 720, wato jika 3 da dala 120.
3. Tamma 3,250, wato jika 3 da dala 50.
4. Kwana 30.
5. Mahaɗa 24 ce. Sabulu 24 a wurin na farko dala 1,080, a wurin na biyu dala 1,056. Na biyu ya fi araha.
6. Mahaɗa 12 ce. Miji tumaki 9, uwa 6, ɗa 21.

Wanda ya ci biyar ko shida, ya zauna kusa da wanda ya ci biyu, ya nuna masa. Wanda bai gane ba ya tambayi malam, tambaya rabin ilimi ce. Kafin aji na gaba, kowane ɗalibi ya ƙidaya abin da ke cikin rumbunsa, ya raba da cin gidansa na kwana guda, ya zo da amsar a rubuce.